Kare mai tsoron mutane ko ɗan kwikwiyo: wanne za ka kai gida?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun sauko daga masallaci, ƙanena ya tare ni da magana. Ya sayi fili a bayan gari, hanyar Kalgo, ya kewaye, ya zuba tumaki da 'yan kaji, yanzu kare yake nema. Biyu ne a gabansa. Akwai wani babban kare da ke kwana a kangon da ke kusa da filin, wanda masu shi suka tashi suka bari. Da ya hango mutum sai ya matse wutsiya ya shige bayan tulin bulo. Akwai kuma karyar wani mafarauci a Kalgo da ta haihu, an ce ya je ya zaɓi ɗaya cikin 'ya'yan. Ya ce, "Yaya, kai da ka riƙe iri biyun, wanne zan ɗauka?" Na ga zuciyarsa tana wajen babban, don tausayi yake ba shi. Amma dalilin da ya kawo shi ne ya tayar mini da hankali. Wai tunda karen ba ya yarda da kowa, zai yi gadi.

Wannan lissafin na taɓa yin sa, kuma yaron da bai ji ba bai gani ba ne ya biya. Shi ya sa na ce masa ya samu wuri ya zauna, amsar ba ta tsaye ba ce. Na kuma san ba shi kaɗai ke gaban wannan zaɓi ba. Tun da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba da can cikin Zamfara, karnukan da suka rasa masu su sun ƙaru. Mutum ya gudo da iyalinsa ya sauka gidan dangi a Zuru ko Yawuri ko nan Birnin Kebbi, mai masauki ya ce mutane dai bismilla, kare kuwa sai dai waje. A Ingila akwai gidajen da aikinsu ke nan, irin na Battersea a Landan da ke karɓar karnukan da aka yasar tun 1860: a duba lafiyar kare, a gwada halinsa, sannan a damƙa wa mai so. Mu nan, wanda ya ɗauki irin wannan kare shi ne mai duba lafiyar, shi ne mai gwajin halin, kuma a kan iyalinsa da maƙwabtansa ake yin gwajin.

Nawa karen sunansa Duna. Baƙi ne wuluk, da ɗan farin tabo a ƙirji. Ranar da na fara ganinsa haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, kaska ta jeru a cikin kunnensa kamar an shanya wake. Wasu bayin Allah ne suka zo da shi daga wajen Wasagu, aka hana shi shiga gidan da suka sauka, ya zama abin jifan yaran unguwa. Kwana 9 ina ajiye masa ƙanzo jiƙe da romo in juya in tafi, kafin ya yarda ya ci ina tsaye daga nesa. A hankali na gane tsoronsa yana da fuska. Ƙarar babur na sa shi karkarwa har ya saki fitsari. Namiji mai sanda, ko wanda ya rufe fuska da rawani, ba ya bari ya matso. Mata kuwa da sauƙi. Uwargidana ta riga ni taɓa shi da kusan wata guda. Ban ga abin da idonsa ya gani a garinsu ba, amma wanda ya san yadda ake shiga ƙauyukan nan ba ya buƙatar a yi masa bayani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Da ya ɗan murmure sai na ɗaure shi da sarƙa a zaure, wai ya tsare ƙofa. Yana gurnani in an shigo, ni kuma ina daka masa tsawa, don kada ya kunyata ni gaban baƙi. Ya daina gurnanin, na ɗauka ya gyaru. Wata ranar Laraba da hantsi wani almajiri ya shigo da robarsa, yaro mai son dabbobi, ya durƙusa ya miƙa hannu zai shafa kansa. Ina tsakar gida ina gani. Duna ya kau da kai, ya lashi baki, ya ja da baya har sarƙar ta ƙare, bayansa ya haɗu da bango. Ya sandare, farin idonsa ya fito. Kafin in buɗe baki ya kama yaron a tsintsiyar hannu. Duk waɗannan alamun da na lissafa magana ce yake yi, cewa yake a rabu da shi. Gurnanin da na hana shi kuwa shi ne gargaɗi na ƙarshe, wanda ko yaro yana ganewa. Ni na cire masa shi da bakina, na kuma toshe masa hanyar gudu da sarƙata.

Na wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cur, kamar yadda ake cewa a yi, don wannan wankin kaɗai yana rage haɗari ƙwarai. Muka je asibiti aka ce allurar haukan kare ta ƙare, sai da na zaga shagunan magani kafin na samu. Ba sau ɗaya ake yin ta ba: ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14, wani tsarin har ta 28. Na je gaban malaminsu na sunkuyar da kai. Shi kuma Duna aka killace shi kwana 10 ana sa masa ido, don karen da ke iya yaɗa cutar a lokacin da ya yi cizo ba ya kai kwana 10 lafiya lau. Allah ya sa ya wuce su garau, yaron ma ya warke. Amma kwanakin nan goma ban yi barcin kirki ba, domin ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

To, abin da na fara gaya wa ƙanena ke nan: tsoro daban, gadi daban. Karen gadi na ƙwarai natsattse ne. Ɗan garuwa zai shigo da kurarsa ya fita, mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta, shi yana kwance yana kallo. Ranar da wani ya ɗora hannu a katanga da tsakar dare, nan za ka ji muryarsa ta sauya. Kare mai tsoro ba shi da wannan rarrabewar. A wajensa liman da ɓarawo duk ɗaya ne, kowa abin gudu. Zai yi wa maƙwabcinka haushi har muryarsa ta dushe, ranar da ɓarawon gaske ya diro da gora kuma yana iya shigewa ƙarƙashin rumbu ya yi tsit. Wanda zai ciza shi ne mara ƙarfi da ya ritsa shi ba da niyya ba, wato yaro ko tsohuwa. Sai dai ba zan zalunce shi ba, yana da nasa amfanin. Kunnensa a tsaye yake kullum. Duna na jin takun mutum tun daga bakin fadama, kuma a gona ko lambu, inda abin da kake so shi ne a tashe ka, wannan ya wadatar. In ƙararrawa kake nema za ka samu. In wanda zai bambance maka baƙo da mugu kake nema, ka duba wani wuri.

Nan ne ɗan kwikwiyo ya fi shi nesa ba kusa ba. Akwai 'yan makonni a farkon rayuwar kare, daga mako na 3 zuwa wajen na 12, da duk abin da ya gani a cikinsu ba tare da ya cutu ba yake ɗaukarsa a matsayin yadda duniya take. In a lokacin ya ga mai rawani, ya ji babur, yara sun ɗauke shi a hankali, ya kwana kusa da tumaki, kaji sun yi kiwo a gefensa, to waɗannan sun zama 'yan gida har ya tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da wannan ƙofa ta rufe, sabon abu sai ya zama abin zargi, kuma gyara ya koma na watanni maimakon kwanaki. Wannan dama ita ce babbar ribar kwikwiyo, kuma ita ce mutanenmu suka fi yin wasa da ita. A raba shi da uwarsa yana mako 4 don kada wani ya riga ka, alhali sai ya cika mako 8 yake gama koyon ladabi wajen uwa da 'yan'uwa, har da sanin iyakar cizo. A kulle shi a ɗakin duhu kada ya saba da mutane, a yanke masa kunne, a zuba masa barkono a abinci, wai ya yi zafi. Mai yin haka da hannunsa yake ƙera wani Duna, kuma ba shi da uzurin cewa haka ya tsince shi.

Ka kuma dubi uwar kafin ka dubi 'ya'yan. Tsoro ana gadonsa, ana kuma koyonsa a gindin uwa. In ka je ka tarar karyar ta fito ta shinshine ka ta koma ta kwanta, alama ce mai kyau. In tana ɓuya tana karkarwa, ka yi tunani sau biyu. Cikin 'ya'yan ma kada ka ɗauki wanda ya rakuɓe a lungu don ya ba ka tausayi, ko wanda ke danne sauran yana cizonsu. Ɗauki wanda ya zo ya duba ka, ka tafa hannu ya razana, sannan ya dawo.

Amma kwikwiyo yana da nasa kukan, kuma na sha shi. Akwai cutar da likitocin dabbobi ke kira fabo: amai, zawo da jini mai wari, cikin 'yan kwanaki sai gawa. Ta ɗauke mini wani ɗan ja da na fi so, yana wata 3, don na yi ta ɗaga ranar allura. Ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa watanni, ko a takalmi ana shigo da ita. Riga-kafinta ana farawa yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai wajen mako 16, sannan ta haukan kare in ya cika wata 3. Ga maganin tsutsar ciki, don da wuya ka samu kwikwiyon da ba ta a cikinsa. Babban karen da ya rayu a titi ya riga ya tsallake yawancin wannan siraɗin, jikinsa ya san ƙasar. Sannan kwikwiyo ba ya gadin komai sai ya doshi shekara. Kafin nan kai ne mai gadinsa: zai tauna takalmin baƙo, ya tona shukar uwargida, ya bi 'yan tsaki da gudu. Jinin farauta ma ya fi bin kaji, sai an tsaya a kansa tun ranar farko.

Ta fuskar lafiya, abin da ido ke gani a jikin babban kare shi ne mai sauƙi. Kaska, ƙuma, ƙazwa, rama, duk likitan dabbobi zai yi maganinsu cikin 'yan makonni. Roƙona ɗaya, kada a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska. Ta fata yake shiga, kuma karnuka da yawa sun mutu a haka. Abin da ido ba ya gani shi ne abin tsoro. Karen da ya yi yawo ba ka san wanda ya cije shi ba, kuma cutar hauka na iya kwanciya a jikinsa makonni ko watanni kafin ta fito. Allura ba ta warkar da karen da cutar ta riga ta kama. Saboda haka ka tambayi mutanen wurin: tun yaushe yake nan, kuma haka halinsa yake tun farko? Karen da aka sani wata shida yana gudun mutane, yana ci yana sha, tsoronsa hali ne. Wanda ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana tangaɗi, yana cizon icce da ƙarfe, muƙamuƙinsa ya saki ko muryarsa ta canza, wannan kada ka kusance shi, ka sanar da ma'aikatan dabbobi. Kada kuma ƙanƙantar kwikwiyo ta ruɗe ka, shi ma yana ɗaukar cutar. Allurar da ake yi wa karnuka ba ta gagara samu ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta a ƙasar nan. Akwai asibitocin dabbobi na jiha, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in abu ya yi tsanani. Ranar 28 ga Satumba kuma, ranar yaƙi da cutar ta duniya, sau da yawa akan yi allurar kyauta.

Duk wannan bayani, ni a ganina abu ɗaya ne ke yanke hukunci, kuma ba a jikin karen yake ba. Gidanka ne. Zauna wuni guda ka ƙirga ƙafafun da ke ratsa zaurenka. Gidan Bahaushe a cikin gari ba shi da ƙofa a wajen yara. Ɗan maƙwabta zai faɗo da gudu neman ƙwallonsa, almajirai safe da rana da dare, 'yan talla, mai kitso, mai kawo niƙa. Ranar suna ko biki kuwa mata hamsin ne a tsakar gida da goyonsu. Ba za ka iya tsayawa ka koya wa kowannensu yadda ake wuce kare mai tsoro ba. Shi kuma kowace sallama faɗuwar gaba ce a wajensa, ba ya samun hutun da zai warke. A irin wannan gida ajiye shi zalunci ne kashi biyu, an zalunci yaran mutane an zalunci karen. Bayan abin da ya faru na mayar da Duna lambuna a fadama, inda mutum uku kaɗai yake gani: ni, mai yi mini ban ruwa, da ɗana babba. Cikin wata biyu gashinsa ya yi sheƙi, wutsiyar da ban taɓa gani a sama ba ta tashi. Karen bai sauya ba, wurin ne ya dace da shi.

Ka sa maƙwabta a lissafi kuma. Karen da ke haushi dare farai a tsakiyar unguwa ba ya daɗewa. Wata safiya za ka tarar an jefo masa nama da guba, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da za a iya kauce masa.

Ƙanena ya tambayi hukuncin addini, kamar yadda kowa ke yi. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare, in ba na farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya daga ladansa kullum, a wata ruwayar biyu. Mai tumaki da gona yana cikin waɗanda aka yi wa izini. Tsaron gida kuma malamai da yawa sun ƙiyasta shi a kan waɗannan in akwai buƙata. Suna kawo labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau 7. Wurinsa waje ne, ba ɗakin kwana ba. Duk wannan bai bambanta babba da kwikwiyo ba. Inda suka ɗan rabu shi ne ciniki: an yi hani a kan kuɗin kare, kuma abin da ya shahara a mazhaba shi ne ba a sayar da shi, ko da yake Sahnun, ɗaya daga manyan malaman mazhabar, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa. Karen da ka tsinta ya fitar da kai daga wannan saɓani. Mafarauta ma galibi kyauta suke bayarwa, sai ɗan goron da ka ga dama.

Kyauta dai ba ta nufin ba kashe kuɗi. Kwikwiyo zai ci kuɗin allurai a watanninsa na farko, daga nan ya yi sauƙi. Babba mai tsoro zai ci kuɗin magani sau ɗaya, da kuɗin kewaye na ragar waya, sannan ya ci abin da ya fi kuɗi tsada, wato lokacinka. Cizo ɗaya kuma ya isa ya cinye abin da ka yi tattali na shekara. Masu cewa a bar duka biyun a sayo na Turawa, irin Alseshiyan ko Kokeshiyan mai gashin tunkiya, su tuna watan Afrilu a Kebbi zafi na haura digiri 40, kare kuma da haki yake sanyaya jikinsa. Karenmu na gida, siriri mai gajeren gashi, don wannan ƙasa aka yi shi. Abinci kuwa ɗaya ne ga kowanne: tuwo ko ƙanzo da romo, ɗan nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, ruwa a inuwa koyaushe. A kiyaye dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. A kiyaye albasa. Mu da Aliero ke kusa miyarmu ba ta rabuwa da ita, ita kuwa tana lalata jinin kare in ta yi yawa, ɗanya ko dafaffa.

In ka auna ka ga wurinka ya dace, ka kuma ji za ka iya, ga abin da ya yi mini aiki bayan na yi ɓarna. Ka manta da sarƙa da turke. Yi masa kewaye mai inuwa, da wani lungu a ciki da in ya shiga ba mai binsa, ko kai. Makonnin farko kada ka nemi ya so ka. Mutum ɗaya ya riƙa kawo abinci, a lokaci ɗaya, ya ajiye ya zauna nesa yana ba shi gefen jiki, ba tare da zuba masa ido ba, don kallon tsakar ido a wajen kare neman faɗa ne. Shi zai zo da ƙafarsa. Ranar da Duna ya fara zuwa ina zaune a kan bokiti ina gyaran tiyo, sai na ji sanyin hancinsa a diddigena. Ban motsa ba, ban ko juya ba. Ya shinshina ya koma, gobe ya sake dawowa.

Sabo da baƙi kuma da tazara ake yin sa. Nemo nisan da zai hango mutum bai firgita ba, har yana iya cin abinci. A wajen Duna taku talatin ne da farko. Baƙo ya tsaya can, kai kuma ka riƙa ba shi abin da ya fi so, ɗan tsokar kifi ko hanta. Baƙo ya tafi, daɗi ya ƙare. Ana maimaitawa har ganin baƙo ya zame masa albishir. In ya ƙi cin abin da ke hannunka, an matso da yawa, a koma baya. Kada a ja shi da igiya zuwa wajen mutum wai ya ga ba komai. Wannan ƙara masa tsoron yake. Kada a dake shi a kan gurnani, a janye abin da ya sa shi gurnanin. Ka saba masa da takunkumi irin mai raga, wanda zai iya haki a ciki, tun kafin ranar zuwa wajen likita. Fiɗiya tana rage yawo da faɗa da sauran karnuka, amma ba ta cire tsoro, kada a yaudare ka. Ka kuma shirya wa koma-baya. Hunturun farko, da maza suka fara naɗe fuska saboda ƙura, Duna ya koma kamar ranar da na tsince shi, har mai ban ruwan da ya sani sai da ya kware fuska ya yi magana kafin ya gane shi. Wata 7 muka yi kafin ya ci abin da baƙo ya jefa masa. Yau shekara huɗu, bai yarda baƙo ya taɓa shi ba, kuma na daina neman hakan. Wanda ba zai iya zama da wannan iyakar ba, kada ya fara.

Akwai kuma wanda ko lambu ba zan ce ka kai ba: karen da ke tasowa kan mutum maimakon ja da baya, ko wanda aka san ya taɓa cizo ba tare da an ritsa shi ba. Wannan ya wuce aikin mai tausayi, na likita ne. Kuma barin kare a inda yake ba shi ne yasar da shi ba. Mutumin da hadisi ya ce Allah ya gafarta masa saboda kare, rijiya ya shiga ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi. Ba a ce ya kai shi gida ba. Kana iya ajiye masa ruwa da abinci, ka hana yara jifansa, ka nemo ma'aikacin dabbobi ya yi masa allura, ka kuma cigita wanda wurinsa ya fi naka dacewa.

Na tambayi ƙanena yaushe zai tare a sabon gidan. Ya ce bayan babbar salla, da matarsa da yara uku, babbansu shekara 7, ga makarantar allo a bayan katangarsa. Na ce to magana ta ƙare, kwikwiyo za ka ɗauka. Ka je ka ga uwar, ka bari ya cika mako 8, ka fara allura a makon da ka kawo shi, ya tashi cikin tumakin da yaran. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi wancan fa, Yaya?" Na ce akwai wani dattijo mai gadin gonar shinkafa kusa da lambuna, shi kaɗai yake kwana a bukka, ya daɗe yana cewa in samo masa kare.

Ranar Asabar muka je kangon da kasko da jarkar ruwa da ƙullin ƙanzo. Ƙanena ya nufi tulin bulon kai tsaye yana kiransa, na riƙo hannun rigarsa. Muka ajiye kaskon a inuwa, muka cika shi, muka koma gindin wata dogonyaro muka zauna muna ba shi gefe. An fi minti ashirin kafin kansa ya leƙo. Ja ne, kunnensa ɗaya a yage. Ya sha ruwan yana ɗagowa yana dubanmu, ya ɗauki ƙanzon ya koma da shi bayan bulo. Dattijon ya ce zai riƙa zuwa da kansa kullum bayan la'asar, don muryarsa karen ya fara sani.